Ranar Harba Kumbo, Wa Zai Yi Tambaya A Madadinmu?

Yau sama za mu duba, amma daga Kano za mu tashi.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, wani matuƙin jirgin saman soja mai suna John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Sau uku ya zagaya ta, cikin lokacin da bai cika awa biyar ba. A wancan zamani babu taurarin ɗan Adam da za su riƙa ɗauko muryarsa suna kai wa gida, saboda haka hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta kakkafa tashoshi a sassan duniya. Duk inda kumbon ya ratsa, sai tashar wurin ta karɓe shi, ta ji lafiyarsa, ta miƙa shi ga ta gaba. Ɗaya daga cikin tashoshin tana Zanzibar, wata kuma tana Kano. E, Kanon nan da kuka sani, wadda daga tashar mota ta Dutse ba a cika awa biyu ba an isa, kuma a lokacin Dutse ma a lardinta take. Da Glenn ya iso saman yankinmu, sai ya gaya wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka amsa masa cewa ai an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Mu da muka san Fabrairu a ƙasar Hausa ba sai an gaya mana sunan wannan ƙurar ba.

Na yi firamare na yi sakandare a Jigawa, ban taɓa jin an ambaci wannan labari a aji ba. Abu ya faru a saman kakanninmu, da tasha a ƙasarsu, amma sai a rubuce-rubucen Turawa za ka tarar da shi. Wannan ne ya sa nake son mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin kati da ake ratayawa a wuya, wanda shi ke raba ɗan jaridar da zai shiga ya gani da idonsa da wanda zai zauna a gida ya jira a ba shi labari. Sunansa katin izinin ɗaukar rahoto, kuma kafin a ba ka shi sai an tantance ka.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka katin shaidar aiki ya wadatar. A'a. Katin da gidan rediyo ko jarida ke bai wa ma'aikacinsu yana nuna cewa shi nasu ne. Katin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ yana nuna cewa yana cikin masu sana'ar. Amma wanda muke magana a kai mai wuri ne ke bayar da shi, kuma don wani taro ko wani gini takamaimai. Hukumar zaɓe ta INEC ta tantance 'yan jarida ta intanet kafin zaɓen 2023, duk wanda ba ta ba shi ba, ko shekara ashirin ya yi yana aikin, ba zai shiga zauren tattara sakamako ba. Fadar shugaban ƙasa tana da nata, Majalisar Tarayya tana da nata, masu gasar ƙwallo suna da nasu. Haka ita ma NASA, duk lokacin da za ta harba kumbo mai ɗauke da mutane daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida, takan fitar da sanarwa tun da sauran lokaci cewa masu son zuwa su nema.

Yadda abin yake, ɗan jarida zai cike takarda ta intanet, ya nuna kafar da yake wa aiki. In kuwa shi mai zaman kansa ne, sai ya kawo wasiƙa daga wani edita da ke tabbatar da cewa shi ya aike shi. Wanda ba ɗan Amurka ba wa'adinsa yakan cika tun kafin na 'yan ƙasa, domin binciken da ake yi a kansa ya fi ɗaukar lokaci. Kuma katin NASA ba biza ba ne. Wannan wata ƙofa ce dabam, a ofishin jakadanci, inda akwai nau'in biza ta musamman ta 'yan jarida. Ka ga ke nan wakilin da ke Dutse ƙofa uku ce a gabansa, ta edita, ta NASA, da ta ofishin jakadanci, ban da kuɗin jirgi da masauki, waɗanda da dala ake lissafa su. Takwaransa na wata ƙaramar jarida a Fulorida kuwa mota kawai zai tayar.

In an dace, ana kai mutum wurin da aka keɓe wa manema labarai, kimanin kilomita biyar daga inda rokar take tsaye, gaban wani ƙaton agogo mai ƙirga lokaci da baya. 'Yan ajin kimiyya ga lissafi: sauti yana tafiyar mita 340 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. Idan aka kunna injin roka, wanda ke wannan wuri zai ga wuta da hayaƙi sun tashi shiru, sai bayan daƙiƙa goma sha biyar ko kusa da haka ƙarar za ta iso shi. Masu ɗaukar hoto da ke son hoto na kusa sukan je tun kafin ranar su girke kyamarorinsu kusa da rokar su bar su, ƙarar tashin ce ke sa su fara ɗauka da kansu. Ba a barin mutum a can, domin man da ke cikin irin wannan roka in ya fashe, babu abin da zai saura a kusa.

Wannan ya nuna katin yana da dalilinsa, kuma ni ba na cikin masu cewa a bar ƙofa a buɗe kowa ya shiga. Wuri ne mai haɗari, kujeru ƙididdigaggu ne, akwai kuma fasahar da masu ita ba sa son a kwafa. Ko a nan gida mun ga yadda ranar hawan Sallah a Dutse masu waya ke kutsawa tsakanin dawaki, kowa na cewa shi ɗan jarida ne, har sai an kusa take wani. Dole a sami hanyar bambancewa. Abin dubawa shi ne me ake aunawa kafin a bayar da katin, da kuma abin da ke sa a ƙwace shi.

Tarihin tafiya sararin samaniya ya ba mu misali biyu da suka yi hannun riga. Lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Yuri Gagarin ranar 12 ga Afrilu, 1961, ba a gayyaci 'yan jaridar duniya ba. Sai da ya riga ya tashi sannan kamfanin dillancin labarai na gwamnati ya sanar. Tafiyar ta minti 108 gaskiya ce, kuma shi ne mutum na farko da ya yi ta, amma an ɓoye abubuwa da dama. An ɓoye cewa bai sauko a cikin kumbon ba, fita ya yi ya sauko da lema, sai bayan shekara goma aka amsa haka. An ɓoye sunan injiniyan da ya jagoranci aikin, Sergei Korolev, har sai da ya mutu a 1966. Ko sunan filin harbawar, Baikonur, na wani gari ne mai nisa da wurin, aka aro don a ɓatar da sawu. Akwai kuma wani matashi cikin masu karɓar horo, Valentin Bondarenko, da wuta ta kashe makonni kaɗan kafin tafiyar Gagarin, jama'a ba su ji ba sai a 1986.

Su kuwa Amurkawa, ranar 16 ga Yuli, 1969, da aka harba Apollo 11 zuwa duniyar wata, 'yan jarida kusan 3,500 ne suka hallara. Kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, sauran daga ƙasashe 55. Kada mu ɗauka don tsabar son gaskiya suka yi haka. Gasa ake yi da Sobiyet, suna son duniya ta gani ta yaba. Sai dai wanda ya tara 'yan kallo ranar nasara, ya tara su ke nan har ranar faɗuwa. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu, cikinsu har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe, wadda aka zaɓa don ta koyar da darasi daga sama. Yara 'yan makaranta da yawa suna kallo kai tsaye. Cikin 'yan kwanaki jaridu suka fara fito da takardun cikin gida da ke nuna cewa injiniyoyi sun daɗe suna kuka da wasu zobban roba da ke toshe mahaɗar rokar. A zaman kwamitin bincike, gaban kyamara, masanin kimiyya Richard Feynman ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara, kowa ya ga yadda sanyi ke sa ta ƙage. Da safiyar harbawar kuwa an tashi da sanyi mai tsanani. 'Yan jaridar da suka yi shekaru suna zuwa wurin da katinsu a wuya, sun san ma'aikata, sun san injin, su ne suka san wa za a tambaya da abin da za a tambaye shi.

Su ma ɗin ba a rasa su da nasu son ran ba. A 2011 wata doka ta majalisar Amurka da ta taƙaita hulɗar NASA da China ta sa an hana wasu 'yan jaridar China shiga kallon harba kumbon Endeavour. Ba su aikata komai ba, fasfonsu kawai aka duba.

Mu dawo gida, domin a nan ne maganar ta fi taɓa ni. A watan Mayu na 2015 shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya ziyarci Shugaba Goodluck Jonathan a Abuja. Da aka ba 'yan jarida dama, wakilin sashen Hausa na DW, Malam Ubale Musa, ya yi masa tambaya a kan sojojin haya 'yan Afirka ta Kudu da ake cewa suna cikin yaƙi da Boko Haram. Tambaya ce da mutanen Borno da Yobe, da mu maƙwabtansu, muke da haƙƙin jin amsarta. A ranar jami'an tsaro suka karɓe katinsa suka fitar da shi daga fadar, sai bayan sauyin gwamnati aka mayar masa. A 2017 kuma aka kori wakilin jaridar Punch daga fadar saboda rahoton da ya shafi lafiyar Shugaba Buhari. Gwamnati biyu, jam'iyya biyu, hali ɗaya.

Sai kuma a watan Mayu na 2019, hukumar gudanarwar Majalisar Tarayya ta fito da sababbin sharuɗɗan tantancewa. Daga ciki, jarida sai ta nuna tana buga kwafi 40,000 a kullum, sai ta kawo shaidar biyan haraji ta shekara biyu, kafar intanet kuma sai ta nuna mutum 5,000 na leƙa ta a rana. Aka yi ca, shugabannin majalisar suka ce ba da saninsu ba, aka janye. Ku tsaya ku auna sharaɗin farko da jaridar da ke hannunku yanzu. Mako-mako take fitowa, kuma kwafi ɗaya yakan bi ta hannun mutum goma a teburin mai shayi ko ɗakin malamai kafin ya yage. Ma'aunin da ke ƙirga kwafi ba ya ganin waɗannan mutum goman. Ba a rubuta cewa ban da masu Hausa ba, amma da sharaɗin ya zauna, su zai fara tankaɗewa. Irin wannan ya fi korar mutum ɗaya haɗari, domin ba ya yin ƙara.

Wani zai ce, to mu da ke fama da kuɗin makaranta da rashin wuta, ina ruwanmu da wanda aka bari ya kalli roka? Ruwanmu a ciki yake tsundum, domin Najeriya ta daɗe da shiga harkar da kuɗin jama'a. An kafa hukumar NASRDA a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha. A 2007 aka harba na sadarwa, NigComSat-1, daga China, ya lalace a 2008 tun bai cika shekara biyu ba, sai a ƙarshen 2011 aka harba madadinsa. A Disamba 2022 Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda ta shafi ƙa'idojin komawa duniyar wata, kuma Farfesa Isa Ali Pantami ne ya sa hannu a madadin ƙasar. A Yuni 2024 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wata cibiya mai zaman kanta da ake kira SERA, kan kujera ɗaya ta ɗan Najeriya a kumbon kamfanin Blue Origin, aka ce duk wanda ya kai shekara 18 yana iya nema. Shekara guda bayan nan, a Yuni 2025, wani lauya haifaffen Najeriya mazaunin Amurka, Owolabi Salis, ya yi irin wannan tafiyar a karan kansa daga jihar Texas.

A nan ma akwai aikin ɗan jaridar da ya san kan abin. Tafiyar Blue Origin ta kusan minti goma ce, a haura kilomita 100 a miƙe, a ɗan sha iska ba nauyi, a dawo. Ba ta kewaya duniya kamar ta Gagarin da Glenn, balle a yi maganar wata. Amma a saƙonnin da suka yi ta yawo a wayoyinmu da Hausa, har da masu cewa ɗan Najeriya ya je duniyar wata. Tun Disamba 1972 babu wanda ya sake taka wata, kuma duka-duka mutum 12 ne suka taɓa taka shi. Ko mutum huɗun da NASA ta bayyana sunayensu a Afrilu 2023 don tafiyar Artemis II, wato Reid Wiseman da Victor Glover da Christina Koch da Jeremy Hansen ɗan Kanada, aikin da aka ɗora musu shi ne su kewayo ta bayan wata su dawo, ba sauka ba. Labarin da ya bi ta hannu uku kafin ya iso Hausa, daga wanda ya gani zuwa kamfanin dillancin labarai, zuwa mai fassara, zuwa mai turawa a WhatsApp, irin waɗannan bambance-bambancen ne ke fara zubewa a hanya.

Ban da gyaran kuskure, akwai tambayoyin da in ba namu ne ya yi su ba, babu mai yi. Wakilin wata tashar talabijin ta Amurka zai tambayi ɗan sama jannati abin da ya fi kewa a gida. Wakilin da ya tashi a Limawa, in aka zaunar da shi gaban shugaban NASRDA, zai so ya ji ko hotunan taurarin da muka biya kuɗinsu suna isa ga masu kula da kogin Haɗeja kafin ruwa ya ci gonakin Auyo da Ringim, irin yadda ya yi a 2022. Zai tambayi nawa aka kashe, kuma ɗalibai nawa daga Arewa ake ɗauka a cibiyoyin hukumar, tunda akwai ɗaya a Jos, wata a Toro ta jihar Bauchi. In kuwa Musulmi ne zai tashi, tambayar da kowane tsoho a majalisar unguwarmu zai fara yi ita ce ta salla. Mutumin da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa yana kewaya duniya duk bayan minti 90, rana na fito masa ta faɗi sau 16 a kwana ɗaya. Ina alƙibla? Yaushe zai sha ruwa in yana azumi? Wannan ba tatsuniya ba ce. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya tafi tun 1985. Dakta Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya tafi a Oktoba 2007, cikin watan Ramadan, har sai da malaman ƙasarsa suka zauna suka rubuta masa jagora. A 2023 Sultan AlNeyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya yi wata shida a can, Rayyanah Barnawi ta Saudiyya ma ta je a shekarar. Mu al'umma ce da ke fita bayan magariba muna neman jinjirin wata, muna jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. A ce labarin wata ba namu ba ne, ai ba ta taso ba.

Har yanzu in ka zauna a majalisa bayan isha'i aka ɗauko zancen, za ka sami dattijon da zai ce maka shi bai yarda an je ba, kuma ba jahili ba ne. Kana iya kawo masa kilo 382 na duwatsu da ƙasar da aka kwaso daga can, ko madubin da aka bari wanda har yau masana ke haska shi daga ƙasa. Zai saurare ka, ya ce wa ya gani? A wurinsa shaida mutum ne, wanda aka san asalinsa, aka san muryarsa. Da a cikin 'yan jarida 3,500 ɗin nan akwai muryar da ya saba ji a rediyo da safe, wadda ta ce masa ni na tsaya a wurin, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata, da gardamar ta ragu. Gani ya kori ji, amma in ba ka gani ba, ji daga bakin naka ya fi.

Kuma ba sabon abu ba ne Bahaushe ya je ya gano ya dawo ya faɗa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya, yana cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da su Nnamdi Azikiwe. Ya dawo ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. BBC ta fara watsa shiri da Hausa a 1957, DW a 1963, Muryar Amurka a 1979. Wakilanmu suna zuwa aikin Hajji, suna zuwa gasar cin kofin duniya, suna zuwa taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafafen da za su iya rubuta wa mutum wasiƙar aike suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wakilin da ya mayar da kimiyya fagensa, yadda wasu suka mayar da siyasa ko Kannywood ko ƙwallo nasu. Edita ba zai kashe dala ya aika wanda bai san bambancin roka da kumbo ba, kuma yana da gaskiya.

Wani ɗan jarida ma ya wuce tsayawa a bakin fili. A Disamba 1990 wani gidan talabijin na Japan ya biya kuɗi aka ɗauki wakilinsa, Toyohiro Akiyama, a kumbon Sobiyet zuwa tashar Mir, ya yi kusan mako guda yana aiko da rahoto daga can. Ita ma NASA ta taɓa shirya irin wannan, 'yan jarida sama da 1,700 suka nema, haɗarin Challenger ya sa aka fasa.

To, ƙannena na sakandare, musamman 'yan kulob ɗin 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da mai tantancewa ke nema shi ne shaidar cewa kana aikin, kuma wannan tun yanzu ake tara ta. Ka zaɓi fage ka tsaya a kansa. Duk abin da ka rubuta aka karanta a taro ko aka liƙa a allon sanarwa, ka ajiye kwafinsa da kwanan wata. Ka koyi rubuta wasiƙar neman izini tun daga ƙaramin wuri: za a yi gasar kacici-kacici ko wasannin gidaje a wata makaranta, ka rubuta wa shugabanta, malamin da ke kula da kulob ya sa hannu, ka kai da wuri, ka tsaya inda aka ce ka tsaya, ka dawo da rahoton da ba a ƙara masa gishiri ba. Tsarin NASA ɗin ma wannan ne, girma kawai ya fi. Turanci kuma a riƙe shi da kyau, domin da shi za a cike takardar, da shi za a yi tambayar, sannan a juyo da amsar cikin Hausar da inna za ta gane. 'Yan mata kada ku ce na maza ne. Christina Koch da na ambata ta yi kwana 328 a jere a sararin samaniya.

Kafin katin ya samu ma akwai abin yi. NASA tana watsa harba kumbo da tarurrukanta na manema labarai kyauta a intanet, wani lokaci har takan ɗauki tambayoyin jama'a ta shafukan sada zumunta. Duk mai waya da ɗan data yana iya kallo, ya rubuta, ya gwada abin da ya fahimta da abin da manyan kafafe suka kawo washegari. A nan ne za ka ci karo da matsalar da ni ma nake fama da ita, ta kalmomi. Magabatanmu a rediyo sun bar mana kumbo da ɗan sama jannati da tauraron ɗan Adam, sun zauna daram kamar da su aka haifi harshen. Amma yanayin da mutum ke shawagi a cikin kumbo ba ya jin nauyin jikinsa fa? Hanyar da kumbo ke bi yana kewaya duniya, wasu na cewa falaki, wasu na cewa da'ira. Ƙirgen nan na baya-baya kafin a kunna injin, kowane gidan rediyo da yadda yake faɗarsa.

Ga aikin wannan makon. Ka ɗauka an ba ka katin, kana zaune a taron manema labarai, ɗan Najeriyar da zai tashi gobe yana gabanka, shugaban NASRDA na gefensa, kuma tambaya ɗaya tak aka ba ka dama. Rubuto ta da Hausa, kada ta wuce kalma 25, ka faɗi wanda kake yi wa ita cikin su biyun, ka sa sunanka da ajinka da makarantarka, ka aiko ta adireshin wannan shafi. Wanda kuma yake da sunan da ya ga ya dace da yanayin rashin nauyin nan, ya haɗo da shi. Za mu buga waɗanda suka fi a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.